Binciken Sararin Samaniya Cikin Hanzari: Yadda Ake Haɗa Hannu, da Inda Ribar Take Zuwa

A watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta fara cika asibitoci, wasu injiniyoyi a cibiyar JPL da ke Kalifoniya, ta hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka ajiye aikin da suka saba, na ƙera na'urorin da ake turawa wasu duniyoyi, suka koma zana na'urar taimaka wa majiyyaci numfashi. Kayan asibiti ba sana'arsu ba ce, saboda haka suka jawo likitoci a jiki. Da gangan suka zaɓi sassan da masu ƙera kayan asibiti ba sa rububinsu a lokacin, don kada su ƙara ƙarancin da ake ciki. Cikin kwana 37 samfurin ya fito da sunan VITAL, aka gwada shi a makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York, ranar 30 ga Afrilu kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izinin amfani na gaggawa. Jami'ar Caltech, mai tafiyar da JPL, ta ba kamfanoni lasisin ƙera shi kyauta.

Irin wannan labarin ake kawowa duk lokacin da wata hukumar sararin samaniya ta ƙulla yarjejeniya da jami'a ko kamfani, ana alkawarin sakamako cikin watanni, ana kuma cewa sauran masana'antu za su amfana. Mai karatu yakan rasa bakin zaren. Aikin da aka san shi da cin shekara goma ko ashirin, ta yaya ya koma na watanni? Kuma mene ne haɗin kumbo da mai kamfanin sarrafa abinci ko mai ƙera mota?

## Kalmomin da ake yawan ji

Haɗin gwiwar da ake magana a kai yawanci na mutum uku ne. Hukumar gwamnati ita ke da kuɗi, da manyan ɗakunan gwaji, da matsalar da take son a warware. Jami'a tana da masana da ɗalibai. Kamfani shi ya san yadda ake ƙera abu da yawa a kuma sayar da shi. Kowa a cikinsu yana da abin da sauran biyun suka rasa.

Hanzari kuwa ana nufin a rage tazarar da ke tsakanin tunani da gwaji. A ƙera samfuri mai araha, a gwada, a ga inda ya gaza, a gyara, a sake gwadawa, maimakon a shafe shekaru ana zane a takarda don gudun kuskure ko da guda.

Akwai wani ma'auni da masu harkar ba sa rabuwa da shi, wanda ke auna yadda fasaha ta nuna, kamar yadda ake duba nunar 'ya'yan itace. Wani ma'aikacin NASA mai suna Stan Sadin ne ya fara tsara shi a shekarun 1970, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa mataki tara. Mataki na ɗaya ra'ayi ne kawai. Na tara shi ne abin ya yi aiki a ainihin wurin da aka yi shi dominsa. Jami'o'i sukan kai abu mataki na uku ko na huɗu su tsaya, domin sun riga sun samu abin wallafawa. Kamfanoni kuma ba sa son zuba kuɗi sai ya kai na shida ko na bakwai. Tsakanin nan ne yawancin ƙirƙire-ƙirƙire ke mutuwa, har ana yi wa wurin laƙabi da kwarin mutuwa. Shirye-shiryen haɗin gwiwa na hanzari, kamar cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni da hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, ta soma buɗewa a farkon shekarun 2000, an kafa su ne don tsallakar da fasaha wannan kwarin.

## Yadda aka bar tsohon salo

Shirin Apollo, wanda ya kai mutum wata a 1969, shi ma aikin haɗin gwiwa ne, kuma an yi shi da sauri: mutum kusan 400,000 ne suka sa hannu. Amma saurinsa da kuɗi aka saya. A tsakiyar shekarun 1960 NASA tana karɓar kusan kashi 4 cikin ɗari na kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka. Yau abin da take samu bai kai rabin kashi ɗaya ba. Da kuɗin ya ja baya, sai aka zauna da salon kwangilar da aka gada, inda gwamnati ke biyan ɗan kwangila duk abin da ya kashe ta kuma ɗora masa riba. A irin wannan tsari jinkiri ba ya cutar da kamfani sosai. Na'urar hangen nesa ta James Webb, aikin haɗin gwiwar Amurka da Turai da Kanada, ta ci kusan dala biliyan 10, kuma sai ranar 25 ga Disamban 2021 aka harba ta, sama da shekara goma bayan lokacin da aka fara sa rai. Ta yi aiki ƙwarai, amma ba kowane bincike ne zai iya jiran haka ba.

Abubuwa uku suka sauya lissafin, kuma ba lokaci guda suka zo ba. Na farko shi ne shugaban NASA daga 1992 zuwa 2001, Daniel Goldin, wanda ya matsa a riƙa yin ƙananan ayyuka masu yawa, cikin sauri da araha. Na biyu ya fito daga aji. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka tsara ƙaramin tauraron ɗan Adam mai suna CubeSat, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, don ɗalibi ya iya ƙera nasa kafin ya gama karatu. An harba na farko-farkonsu a 2003. Muhimmancinsa yana cikin daidaiton girman: tunda kowa ya amince da awo ɗaya, mai yin batir da mai yin rediyo da mai roka duk suna iya yin nasu ba tare da sun zauna taro ba. A Fabrairun 2017 rokar Indiya ɗaya ta ɗauki taurarin ɗan Adam 104 a tashi guda, 88 daga ciki na kamfanin Planet ne mai ɗaukar hoton duniya.

Na uku shi ne komawa jinga. A 2006 NASA ta buɗe wani shiri na neman kamfanonin da za su riƙa kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ta faɗi abin da take so, ta yanke farashi, ta ce za ta biya ne mataki-mataki idan an cika sharaɗi, kamfani kuma ya zuba nasa jarin. Ɗaya daga cikin kamfanoni biyun farko, Rocketplane Kistler, ya kasa tara kuɗin, aka soke yarjejeniyarsa a 2007 aka ba wani. Ɗayan, SpaceX, ya kai kumbonsa Dragon tashar a Mayun 2012. Wani ƙiyasi da NASA ta yi a 2011 ya nuna cewa da ita ce ta ƙera rokar SpaceX mai suna Falcon 9, da ta kashe tsakanin dala biliyan 1.7 zuwa kusan biliyan 4, alhali abin da kamfanin ya kashe bai kai miliyan 400 ba.

## A cikin ɗakin zane

Don a ga yadda ake rage watanni, sai a leƙa irin ɗakin da JPL ta buɗe a 1995, ESA kuma ta buɗe nata a 1998 a garin Noordwijk na ƙasar Holan. A da, mai tsara kyamarar kumbo zai gama nasa ya aika wa mai lissafin wutar lantarki, wannan ya yi makonni ya miƙa wa mai kula da zafi da sanyi, shi kuma ya gano cewa abin ba zai yiwu ba, takarda ta sake komawa farko. A sabon tsarin dukkansu suna zaune a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutarsa, duka a haɗe da lissafi guda. Mai kyamara ya ƙara mata nauyi, nan take mai man roka ya ga tankinsa ya yi kaɗan, mai ƙarfen jikin kumbo ya ga sai ya ƙara kauri, mai lissafin kuɗi ya ɗaga hannu. Wanda ya kawo aikin yana zaune a wurin, ana tambayarsa ko zai haƙura da ƙaramar kyamara, ya amsa a take. Nazarin farko da kan ci wata shida zuwa tara ya koma na 'yan makonni. Babu wata sabuwar na'ura a nan. Jiran amsa aka cire.

## Ta ina amfanin ke isa masana'antu

Hanyar da aka fi sani ita ce a ƙirƙiri abu don sararin samaniya ya ɓulle a kasuwa. A farkon shekarun 1990, lokacin da ake matsa wa injiniyoyin JPL su rage girman komai, Eric Fossum da abokan aikinsa suka samar da wani irin idon kyamara da ake kira CMOS, wanda ke cin wuta kaɗan kuma ana iya ƙera shi a masana'antar da ke yin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Suka kafa kamfanin Photobit a 1995, kamfanin Micron ya saye shi a 2001. Jikokin wannan fasaha su ne a kyamarar kusan kowace wayar hannu a yau, da na'urorin da likita ke leƙa cikin jiki da su.

Sai dai wannan hanyar, duk da daɗin ba da labarinta, ba ita ce mafi nauyi ba. Wadda ta fi ta ita ce hukuma ta zama mai saye na farko, mai biyan tsada lokacin da babu wanda zai saya. An ƙirƙiri farantin lantarki mai amfani da hasken rana a ɗakin binciken Bell a 1954, amma tsadarsa ta hana shi kasuwa a ƙasa. Taurarin ɗan Adam, tun daga Vanguard 1 a 1958, su suka riƙe masu ƙera shi har farashi ya fara sauka. Haka ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ake haɗa kwamfuta da su: a farkon shekarun 1960 kwamfutar kumbon Apollo da makamai masu linzami na sojan Amurka su ne manyan masu sayensu, kuma tsananin binciken inganci da aka ɗora wa masu ƙera su ya koya musu yin kaya masu yawa marasa aibi.

Akwai kuma dabarar aiki, wadda ba a gani da ido. A shekarun 1960 NASA da kamfanin Pillsbury da ɗakin binciken sojan Amurka na Natick suka haɗu don samar da abincin 'yan sama jannati. Ciwon ciki a cikin kumbo ba abin wasa ba ne, amma idan za a tabbatar da tsabtar abinci ta hanyar gwada wanda aka gama, sai an lalata mafi yawansa a gwaji. Sai suka juya tambayar: a wane mataki na sarrafawa ne cuta za ta iya shiga? A gano waɗannan wuraren, a sa musu ido, a riƙa rubuta abin da aka auna. Tsarin da ya fito daga nan, HACCP, daga shekarun 1990 ya zama doka ga masu sarrafa nama da kifi a Amurka, kuma yau shi ne ginshiƙin ƙa'idojin tsabtar abinci na duniya. Manhajar NASTRAN, da aka rubuta don lissafin ƙarfin jikin kumbo, ta koma hannun masu zana motoci da jirage. Shi kansa ma'aunin mataki tara ɗin nan, Tarayyar Turai ta ɗauke shi a 2014 tana auna ayyukan binciken da take ba kuɗi a kowane fanni.

Sai bayanai. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, amma shekaru da yawa hotunansa na sayarwa ne, hoto ɗaya kan kai ɗaruruwan daloli. Da aka mayar da su kyauta a 2008, adadin da ake saukewa a rana ya tashi daga 'yan gommai zuwa dubbai. Turai ta bi wannan hanya da shirinta na Copernicus, wanda tauraronsa na farko ya tashi a 2014. GPS kuwa na soja ne, kuma har zuwa Mayun 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu. Da aka daina, kuskuren ya ragu kusan ninki goma, abin da ya share hanya ga taswirar waya da manhajojin kiran mota da bin sawun kaya. Bankuna da turakun sadarwa da layukan wutar lantarki kuma da agogon GPS suke daidaita lokacinsu.

Yanzu ruwan yana gudu ta ɓangare biyu. Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, mai nauyin kilo 1.8, wanda ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilun 2021, ƙwaƙwalwarsa ta kamfanin Qualcomm ce, irin ta wayoyin hannu na 2014, batirinsa ma na kasuwa ne. An shirya masa tashi biyar, ya yi 72. Masana'antar waya ta riga ta kashe biliyoyin da suka sa waɗannan kaya suka yi ƙanƙanta da araha, masu kumbo suka ɗauka kawai.

## Inda sauri ya haifi nawa

Salon Goldin na sauri da araha ya yi nasara da kumbon Mars Pathfinder a 1997. Bayan shekara biyu aka yi asarar kumbo biyu a jere. Na farkon, Mars Climate Orbiter, darasi ne kan haɗin gwiwa. Kamfanin Lockheed Martin ne ya ƙera shi, JPL ke tuƙa shi. Wata manhajar kamfanin tana fitar da ƙarfin turawar injin da ma'aunin fam, masu tuƙi kuma suna karanta lambobin a matsayin ma'aunin mita da kilo. Bambancin ya haura ninki huɗu, kuma ya yi ta taruwa tsawon watannin tafiya. Ranar 23 ga Satumban 1999 kumbon ya sauko kusan kilomita 57 daga doron Mars, ƙasa da inda zai iya tsira, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kwamitin bincike ya gano cewa wasu masu tuƙin sun lura lissafi ba ya daidaita, amma ma'aikata sun yi kaɗan, kuma kokensu bai bi hanyar da za a tsaya a duba shi ba. A Disamba kuma Mars Polar Lander ya ɓace.

Jinga ma ba ta da tabbas. A 2014 NASA ta ba Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, SpaceX kuma biliyan 2.6, don su ƙera kumbon ɗaukar mutane. SpaceX ya kai mutane tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Mayun 2020. Kumbon Boeing, Starliner, sai Yunin 2024 ya ɗauki mutum biyu, ya samu matsalar injin da yoyon iska, aka dawo da shi babu kowa, mutanen biyu suka zauna a tashar har Maris na 2025. Mafi yawan ƙarin kuɗin kamfanin ne ya ɗauka, ba mai biyan haraji ba, amma shekarun da suka tafi sun tafi.

Idan aka jera waɗannan da labarin CubeSat da Ingenuity, abin da ke fitowa shi ne hanzari yana biya ne a inda faɗuwa ke da araha. Ɗan akwatin ɗalibai ya mutu, a harba wani baɗi. Kumbon da ke ɗauke da rai, ko wanda sai bayan wata 26 hanyar Mars za ta sake buɗe masa, lissafinsa daban.

## Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon baya suna nuna mujallar Spinoff da NASA ke fitarwa tun 1976, wadda ta tattara fasahohi sama da 2,000 da suka shiga kasuwa. Hujjarsu ita ce matsanancin yanayin sararin samaniya, inda ba mai gyara, ba wutar banza, ba nauyin banza, yana tilasta wa injiniya neman mafitar da kasuwa ba za ta taɓa matsa masa ya nema ba.

Wasu masana tattalin arziki suna ganin a nan an sa keke a gaban doki ne ta fuskar lissafi: idan burin shi ne ingantaccen batir ko na'urar asibiti, a zuba kuɗin kai tsaye a kansu mana. Suna kuma nuna cewa ana ƙara gishiri, ana danganta wa NASA abubuwan da ba ita ta ƙirƙira ba. Teflon, abin da ake shafa wa tukunya don kada abinci ya manne, an gano shi a kamfanin DuPont a 1938, shekara ashirin kafin a kafa NASA, Velcro kuma, maɗaurin nan mai mannewa na takalmi da jaka, wani injiniyan Suwizalan ne, George de Mestral, ya ƙirƙiro shi. NASA ta yi amfani da su ne kawai. Gardamar tana da wuyar yankewa, domin babu yadda za a auna abin da kuɗin zai haifar da a ce wani wuri aka kai shi.

Tsakanin abokan haɗin gwiwar kansu ma akwai ja-in-ja. Malamin jami'a yana son ya wallafa, kamfani yana son a rufe baki har ya yi rajistar mallaka, hukuma tana son jama'ar da suka biya su amfana. A Amurka dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i da ƙananan kamfanoni damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. Masu yabonta sun ce ita ta fitar da bincike daga kan kanta zuwa kasuwa. Masu suka sun ce jama'a na biya sau biyu, a haraji da kuma a kanti.

Siyasa kuma tana da nata iyakar. Roka da makami mai linzami 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa dokokin fitar da kayan soja ke shafar sassan taurarin ɗan Adam. Tun 2011 majalisar dokokin Amurka ta hana NASA yin aiki kai tsaye da China sai da izini na musamman. A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, ESA ta dakatar da aikin binciken Mars mai suna ExoMars da take yi da Rasha, motar binciken da aka riga aka gama ta koma ajiya.

## Abin da zai taɓa mutum a ƙasa

Yawancin amfanin yana zuwa ne ba tare da tambarin sararin samaniya a jikinsa ba. Hasashen yanayi na kwana uku zuwa biyar da manomi da matuƙin jirgi ke dogaro da shi, mafi yawan bayanansa daga sama suke zuwa. Akwai kamfanonin inshora da ke biyan manomi ko makiyayi diyyar fari bisa abin da hoton tauraro ya nuna na ruwan sama ko korewar ciyawa, ba tare da an tura mai duba gona ba. Tsarin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Tarayyar Sobiyet da Kanada da Faransa suka haɗa tun ana yaƙin cacar baka, yana kama siginar jiragen ruwa da na sama da suka shiga hatsari tun 1982. Wata yarjejeniya tsakanin hukumomin sararin samaniya da ta fara aiki a 2000 kuma tana ba ƙasar da ambaliya ko girgizar ƙasa ta afka wa hotuna kyauta.

Ta fuskar aikin yi, ƙofar ta fi faɗi a wajen sarrafa bayanai fiye da ƙera roka. Mai kwamfuta da intanet da ilimin lissafi yana iya gina sana'a a kan hotunan Landsat ko Copernicus bai taɓa ganin filin harba kumbo ba. Amma kyautar nan shawarar gwamnatoci ce, kuma gwamnati tana iya sauya shawara.

Akwai kuma farashin da kowa zai raba. Araha ta cika falaki: fiye da rabin taurarin ɗan Adam masu aiki a yau na tsarin intanet na Starlink ne, wato na kamfani ɗaya, SpaceX, wanda kuma shi ne ke da rokar da mafi yawan masu harbawa a Yammacin duniya ke hawa. Karon da tauraron Iridium ya yi da wani mataccen tauraron Rasha a Fabrairun 2009 ya bar tarkace sama da dubu, kuma irin wannan tarkacen yana barazana ga taurarin da ke ba da hasashen yanayi da sadarwa. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta rage wa'adin sauko da mataccen tauraro daga shekara 25 zuwa biyar, amma dokar tana aiki ne kan masu neman lasisinta ko kasuwarta kawai.

Gwaji na gaba yana nan tafe. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000, ana shirin sauko da ita bayan 2030, kuma a Yunin 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar kumbon da zai turo ta cikin teku. Shirin hukumar shi ne kada ta sake gina tata. Kamfanoni su gina tashoshi, ita ta zama ɗaya daga cikin masu haya. Ko hakan zai yiwu ya danganta da ko masu yin magunguna da masu sarrafa sababbin kayan ƙira za su ga ribar da za ta sa su biya kuɗin ɗakin gwaji a sama da aljihunsu.